Matakala Biyar a Ƙofar Ɗakin Shan Maganinmu

Sakatare, ajiye ajanda tukuna. Maganar ɗakin shan maganin da mu 'yan ƙungiya mazauna Ingila muka gina a gida zan fara da ita, don ita ta hana ni barci.

Kun ga hotunan a zaurenmu na WhatsApp. Gini ya tsaru, an buga kwano, an yi fenti, kuma da guminmu aka yi shi, fam goma wannan, fam ashirin wancan. Amma ku sake duban ƙofar. Matakala biyar! Magini ya ɗaga harsashi saboda ambaliyar kogin Haɗeja, ya kuwa yi daidai, babu wanda ya manta ɓarnar 2022. To ƙanin ɗan'uwanmu da ke zaune a nan, wanda shan inna ta kama tun yana yaro, ya je da zazzaɓi. Sai ya bar kekensa a ƙasa, ya zura silifa a tafin hannu, ya hau da rarrafe, mata masu awon ciki suna sunkuyar da kai don kada ya ji kunya. A ginin da yayansa ya zuba wa kuɗi!

Mu da muke Ingila ba mu da uzuri. Kullum muna ganin bas tana sauke faranti mai keke ya shige abinsa. A gida ma akwai doka: Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman a Janairun 2019, aka ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara 5 su gyara, wa'adin ya cika a 2024. Namu sabo ne fil, ga shi da matakala biyar.

Gyaran ba wuya: a yi gangaren siminti da mai keke zai bi ya hau. Ƙa'idar gangaren siminti ita ce duk tsayin santimita 1 a ba shi tsawon 12. Dakalinmu santimita 75 ne, ke nan mita 9, da ƙarfen dafawa gefe da gefe. Kada a yi mana irin mai tsaurin nan da sai ƙato biyu sun tura. Ƙofar banɗaki ma a faɗaɗa ta. Kwatar gaban gini a rufe ta, sandar makaho ba za ta cece shi daga ramin da babu murfi ba. Kurame kuma fa? Mace ta zo da ciwon da take jin nauyin faɗa, sai an kira ɗanta ya yi tafinta. A samo mai maganar hannu, ko daga waɗanda suka yi makarantar kurame ta Haɗeja, a ba shi alawus ranar kasuwa.

Sauran rahoto a gurguje: kuɗin zaure an biya, walimar Sallah tana nan, masu sabunta fasfo su ga Sakatare.

Ma'aji ya ce fiye da rabinmu ba su biya kuɗin wata ba tun bayan azumi. Haba jama'a! Na san haya, na san kuɗin wuta da sanyin ƙasar nan, ni ma ina kewar rumfar ƙofar gidanmu. Amma don girman Allah, yayyena da ƙannena, iyayenmu mata, kada damina ta sauka yaron nan yana rarrafe cikin taɓo. Ma'aji, buɗe littafi. Nawa bashin da na siminti buhu biyar zan fara ajiyewa, sai a bi layi daga hannun dama.