Lacca: Likitocin Sa-kai da Tiyatar Ciwon Noma a Sakkwato

Assalamu alaikum. Na can baya kuna ji na? To madalla. Abubuwa uku zan taɓo game da likitocin da ke baro ƙasashensu su zo su yi tiyata kyauta, su kuma koyar da namu.

Na farko, ina suke zuwa? Mu ɗauki asibitin yara masu ciwon noma da ke Sakkwato, wanda aka buɗe a 1999. Tun 2014 ƙungiyar likitocin agaji ta ƙasa da ƙasa, wato MSF, ke tallafa masa, kuma lokaci zuwa lokaci ayarin likitoci kan sauka, su yi 'yan makonni suna aiki. Ciwon nan daga dasashi yake farawa, galibi ga yaro ɗan shekara 2 zuwa 6 da yunwa ta raunana, ko wanda ƙyanda ta kayar. Cikin kwanaki sai ya cinye kunci da leɓe, har hanci. In ba magani, kusan tara cikin goma mutuwa suke yi.

Wanda ya tsira shi ake wa tiyata. A yanko fata daga ƙirji ko goshi ko damtse, a rufe ramin fuska. Amma ku tsaya, ga inda nake so ku buɗe kunne. Da yawansu muƙamuƙi ya ƙage, baki ba ya buɗuwa. Ba ya buɗuwa sam! Yaro ya shekara yana tura kunu ta tsakanin haƙora. To mai ba da maganin barci ta ina zai zura bututun numfashi? Dole ta hanci, da wata siririyar na'ura mai ido a kanta. Wannan gwaninta ce, ba a littafi ake samunta ba, sai ka tsaya kusa da wanda ya iya.

Kuma an buɗe bakin, shi ke nan? Ina! Baƙo ya hau jirgi ya koma Turai, tabo kuwa yana nan yana ja. In ba a sa yaron yana motsa muƙamuƙi kullum ba, wata da watanni, bakin sai ya sake rufewa. Wa zai yi wannan? Nas ɗinmu, da mai gashin ƙashi, da uwar yaron da za ta koma ƙauye. Shi ya sa ni in an ce ayari ya zo ya yi wa mutum kaza aiki, tambayata ita ce: wa ya riƙe wuƙar? Ɗan gida ya yanka baƙo na kallo, ko ɗan gida tsayuwa kawai ya yi yana miƙa almakashi? Ke mai dariya, na san kin taɓa miƙa almakashin nan.

Ku dubi Dakta Kees Waaldijk, mutumin Holan. Aikin kuturta ya kawo shi asibitin Babbar Ruga a Katsina, ya koma gyaran yoyon fitsari, ya zauna shekaru da yawa, ya horar da likitoci da nas-nas masu ɗimbin yawa. Yau 'yan gida ke yin aikin.

Na uku... na yi na biyu kuwa? To, a haɗa. Akwai masu zuwa da jirgin ruwa mai asibiti a cikinsa, wato ƙungiyar Mercy Ships, su yada zango a Dakar ko Firitawun. Sai dai Sakkwato ba teku.

Na'am, ɗana?

Ya ce: Malam, maimakon jiran baƙi, ba a iya tare ciwon tun farko?

Ana iyawa, kuma da araha. A Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi, kuma Najeriya ce ta jagoranci neman hakan. In ka ga yaro ramamme, dasashinsa na jini, bakinsa na wari, kunci ya fara kumbura, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. A kai shi asibiti ranar nan, a ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta, a riƙa wanke bakin, a gyara masa abinci. Ƙannensa kuma a duba ko an yi musu allurar ƙyanda.