Laimar kwaɗin suri a kasuwar Ngaundere

Salamu alaikum jama'a, daga Ngaundere nake gaishe ku, nan Adamawar Kamaru inda jirgin ƙasan Yawunde yake ƙarewa. Damina ta zauna, shi ya sa kasuwa ta cika da abin da mu a Kano tun muna yara ake hana mu taɓawa, wato laimar kwaɗi.

Inna, sannu da kasuwa, bari in nuna musu. Ku dubi jijiyar laimar nan doguwa kamar wutsiyar ɓera, jar ƙasa duk ta manne mata. Daga cikin suri aka tono ta. Gara ce ke nomanta a ƙarƙashin ƙasa, ta tattauna ciyawa da itace ta tara mata, ita kuma ta narkar da su garar ta samu abinci. Masana suna kiranta Termitomyces, kuma har yau ba a iya nomanta a gona don sayarwa ba, sai a jira ruwa. Inna ta ce mai jego da wanda ya tashi daga jinya ake yi wa romonta. Ni dai na ci a miyar gyaɗa, wallahi ba ka neman nama.

To, maganar magani. Laimomin da ake ci suna da furotin, ga wani sinadari mai suna beta-glukan da ke zaburar da garkuwar jiki. Idan aka shanya su a rana kuma, bitamin D ɗinsu ƙaruwa yake yi. A Japan a 1985 aka amince da lentinan, wanda ake tacewa daga laimar shiitake, aka riƙa yi wa masu sankarar ciki allurarsa tare da maganin asibiti. Ku lura fa, allura ce da aka tace, ba kwanon miya ba. Masu tallan kofin sha da aka haɗa da wata laima mai suna Ganoderma a WhatsApp, wai yana kashe ciwon suga da hawan jini, ni ban yarda da su ba. Sinawa sun daɗe suna shan ta, gaskiya ne, amma kada wani ya ajiye ƙwayoyin likita saboda ita.

Sai mai dafin. Akwai wata fara mai kyan gani da ke fitowa a ciyawar tsakar gida, idan ta tsufa ƙasanta ya yi kore-kore, amai da gudawa take sawa. Wasu laimomin 'yan gidan da masana ke kira Amanita sun fi ta mugunta. Sai bayan awa 6 zuwa 24 da ci ciwon ciki ya taso, ya lafa kamar an warke, alhali hanta ce ke lalacewa. Tafasawa ba ta kashe dafin, zancen gwadawa da cokalin azurfa ma camfi ne. Wanda ya ci ya ji ba daidai ba, a garzaya da shi asibiti, a riƙo ragowar abin da ya ci.

Inna, zuba mini kashi biyu, waɗanda ba su buɗe ba tukuna.