Koyon sana'a a Jamus: su 'yan Yukiren da yaranmu da suka taho tare da su

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaba, dattawanmu, iyayenmu mata, 'yan'uwa, sannunku da zuwa, musamman waɗanda suka taso daga aikin dare ko runtsawa ba su yi ba.

An ba ni minti goma in yi magana kan koyon sana'a, Ausbildung ɗin nan da muka sani, da yadda 'yan gudun hijirar Yukiren ke shiga cikinsa. Na san maganar tana sosa wa wasunmu rai. Ranar 24 ga Fabrairun 2022 Rasha ta auka wa Yukiren. Ranar 4 ga Maris Tarayyar Turai ta ba mutanenta kariya, ba zaman jiran mafaka, ga izinin aiki. Daga 1 ga Yuni aka miƙa su hannun Jobcenter, ofishin da ke tallafa wa masu neman aiki. Wanda ya shekara biyar da Duldung, takardar dakatar da kora ta ɗan lokaci, a aljihu dole ya ji wani abu a ransa. Ni ma na ji.

Sai dai abin da ido ya gani ya fi abin da kunne ya ji. Ni aikin lantarki nake yi. Bara maigidanmu ya ɗauki wata baiwar Allah 'yar Yukiren mai 'ya'ya biyu, mijinta yana can. Hannunta yana da kyau ƙwarai, sau ɗaya ake nuna mata abu. Rannan lokacin hutu na same ta cikin motar aiki, littafin rahoton mako a cinya, waya a hannu, tana fassara kalma ɗaya bayan ɗaya, burodinta ko taɓawa ba ta yi ba. Ta ci jarrabawar Jamusanci ta matsakaicin mataki, B1, amma Jamusancin makarantar sana'a wani abu ne daban, malami ba ya jiran kowa. Ga gidan rainon yara yana tashi ƙarfe huɗu, mu kuwa muna kan gini a bayan gari. Wallahi da na gan ta, kaina na tuna shekarun baya.

Ga waɗanda ba su daɗe da zuwa ba: koyon yana ɗaukar shekara biyu zuwa uku da rabi, kwana uku ko huɗu a kamfani, sauran a makaranta, kuma ana biya. A 2025 doka ta ce kada albashin shekarar farko ya gaza yuro 682 a wata. Wanda harshensa bai nuna ba yana iya farawa da EQ, gwajin wata huɗu zuwa goma sha biyu a kamfani. Mai raino kuma doka ta yarje mata ta rage awoyi, koyon ya ɗan ƙara tsawo. Wannan hanyar ce ta ceci abokiyar aikina, kuma ba wanda ya taɓa faɗa mata sai da muka je wurin maigida tare.

Yanzu ga inda abin ya taɓa gidanmu. Cikin jiragen ƙasan da suka kwaso mutane akwai yaranmu, ɗalibai daga Najeriya da Gana, wasu sun yi nisa a karatun likita a Kharkiv da Sumy. Bom ɗaya ya koro su, amma yawancinsu ba su samu wannan kariyar ba. Nan Hamburg takardar wucin gadi ta wata shida aka ba su. Mafitar da yawa daga cikinsu ita ce kwantiragin koyon sana'a, domin da shi ake neman izinin zama a ƙarƙashin sashe na 16a na dokar zaman baƙi. Yaron da ya yi shekara huɗu yana karatun likita, a ce ya koma koyon aikin jinya, ba ƙaramin haɗiye zuciya ba ne. Iyayenmu, don Allah kada mu yi musu gori, kada kuma mu kai gida cewa sun gaza.

Roƙona kaɗan ne. Yawancin kamfanoni a watan Agusta ko Satumba suke fara koyarwa, amma tun watanni kafin nan suke zaɓen mutane. Duk wanda ke aiki inda ake ɗaukar masu koyo, ya yi wa maigidansa magana, ko yaronmu ne ko 'yar Yukiren. Mu da muka gama kuma, mu ware awa biyu ranar Asabar mu zauna da su kan darasin makaranta. Takarda tana wurin sakatare. A rubuta suna da sana'a kafin a tashi cin abinci.

Na gode. Wassalamu alaikum.