Kwanson harsashi 50 sun ɓata mini Asabar

Assalamu alaikum jama'a, barkanku da war haka. Ku yi haƙuri da ƙarar fankar nan, ina cikin gareji ne, kuma wanda ya san Finiks ta jihar Arizona a Amurka a watan Yuli ya san abin da nake nufi. Zafin Sakkwato na watan Afrilu ma sai ya sara wa wannan.

Yau raina a ɓace yake, wallahi. Bari in kawo kyamara kusa. Kun ga waɗannan kwanson harsashin? Guda 50 ne, na 6.5 Creedmoor, samfurin harsashin da kamfanin Hornady suka fito da shi a 2007. Tagullar kamfanin Lapua ce daga Finlan, guda ɗari ta haura dala ɗari, kada ma wani ya buga lissafin naira ya tayar mini da hawan jini. Da su na je filin harbi na Ben Avery ranar Asabar, ina taƙama. Harsashi na farko sakatar bindiga ta rufu sumul. Na biyu sai da na danne ta da tafin hannu. Na uku kuma sakwaf kamar ba komai a ciki. A yadi 1,000, wato mita 914, da'irar tsakiya ta takardar da ake harbi a gasar harbin nesa ta F-Class inci 5 ce kacal, ni kuwa nawa sun watse sama da ƙasa kamar an watsa wa kaji tsaba.

Ga waɗanda ba su san harkar ba: idan ka harba, kwanson yana kumbura ya cika mazauninsa a cikin bindiga. Kafin ka sake ɗura shi sai ka shafa masa mai, ka cusa shi cikin bututun matsi da wannan injin mai hannu, ya koma girmansa. Wurin da rigimar take shi ne nan, kafaɗa, inda jikin ya fara tsukewa zuwa wuya. So ake a tura ta baya da inci 0.002, abin da bai kai kaurin takarda ba. Ka gaza, sakata ta yi tauri. Ka zarce kuma, duk harbi tagullar tana miƙewa, gindin yana sirancewa, har wata rana ya rabe biyu a cikin bindiga, fuskarka na kusa.

Da na dawo gida ko takalmi ban cire ba, na ɗauko ma'aunin nan mai baki kamar na kada, na auna ragowar da ban harba ba. Wani 0.001, wani 0.003, har da mai 0.005. Inji ɗaya, saiti ɗaya, hannu ɗaya! Na so in ɗora wa kayan aiki laifi, har na buɗe intanet zan sayi sabo. Sai na tuna wani dattijon bature da ke kwance kusa da ni a filin, gemunsa fari tas. Da ya ga ina kokawa da sakata, abin da ya tambaye ni kawai shi ne sau nawa na harba kowane kwanso. Na yi tsuru-tsuru. Ashe na cakuɗa waɗanda aka harba sau biyu da waɗanda suka sha wuta sau shida a roba ɗaya.

Tagulla tana taurara ne duk lokacin da aka matse ta aka sake buɗa ta. Tsohon kwanso idan ka matsa, yana fitowa sai ya ɗan koma inda yake, kamar ɗan da aka yi wa faɗa ya ce "to" ya ci gaba da halinsa. Maganin shi ne a gasa wuyan da kafaɗar su yi laushi. Wuya da kafaɗa kawai fa, kada zafi ya kai gindi, wanda ya gasa gindi ya jefar da shi a shara. Akwai injin AMP na Niyuzilan da ke yin wannan da lantarki, ya haura dala dubu, uwargida ta ce in na saya in kwana da shi a garejin. Abin dariyar, wannan ilimin na gan shi tun ina yaro a bakin maƙera a unguwarmu, ina ja musu zugazugi. Ƙarfe ya yi gardama a mayar da shi wuta. Maƙeran tagulla na Bida ma haka suke yi tun kaka da kakanni, amma sai da na tsallako teku na biya kuɗi kafin in gane.

Sai maganar mai. Ina amfani da kakin Imperial, ɗan gwangwani ɗaya sai ka shekara. Na farkon tire na shafa musu da yawa, na ƙarshe yatsuna sun bushe ina sauri zan tafi sallar isha'i. Mai ya yi yawa, kafaɗa ta lotsa, ga shi nan kun gani, kamar an danna da farce. Ya yi kaɗan, kwanso ya maƙale, ya taɓa faruwa da ni na kwana ina haƙo shi. Kuma hannun injin nan, in ka sauke shi har ƙasa ka tsaya ka ƙirga uku kafin ka ɗaga, kowane kwanso haka. Jiya da na yi hakan da guda 20 da yawan harbinsu ɗaya ne, bambancinsu bai wuce 0.001 ba. Kuma ku cire tsohuwar ƙyastun da ke gindi, wato ɗan abin da ke kunna albarushi, kafin awo, in ta ɗan turo waje ƙarya ma'aunin zai yi muku.

Hajiyata da ta ga hoton teburin nan cewa ta yi, "Kai da muka tura karatu, farauta ka koma?" Na ce Hajiya takarda nake harbi. Ba ta yarda ba har yau.

Ku da ke gida, don Allah kallo kawai za ku yi. Nan doka ta yarda, a Najeriya ɗaure mutum ake yi kan harsashi ba lasisi. Mu da ke nan kuma, jakar da ka je filin harbi da ita kada ka kuskura ka hau jirgi da ita. Bara ina shirin zuwa Kano na zazzage tawa, kwanso biyu suka faɗo daga aljihun gefe, sai da na zauna a ƙasa. Bari in kashe kyamarar nan, sauran 30 na jira na, kuma gumi ya fara ɗiga a kan ma'auni.