Dunƙulen wutar fim da na filin biki: me ke ci a cikinsa?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake saduwa daga nan Bauchi. Bari in tsayar da hoton nan ku ƙare masa kallo. Wuta ce ta dunƙule ta fi bene tsawo, cikinta ja da ruwan lemo, samanta baƙi ƙirin, tana naɗewa tana hawa sama. Mun sha ganin irinta a finafinan Indiya da na Amurka, da manyan bukukuwan wasan wuta na ƙasashen waje, kuma da yawanmu mun ɗauka bam ne aka tayar.

To, ba bam ba ne. Bam na gaske ba ya yin kyau a kyamara. Nakiya irin TNT tana tarwatsewa da gudun kusan kilomita 7 a daƙiƙa guda, kafin ka ƙifta ido an gama, abin da ya rage sai ƙura da toka da ɓaraguzai. Abin da mai shirya fim ko biki yake nema wuta ce mai ɗan jinkiri, wadda ido zai iya bi na daƙiƙa biyu ko uku. Shi ya sa abin da kuke gani ƙuna ce mai sauri, yawanci ta fetur ko gas, ko wani gari mai laushi.

Ku je wajen mai tsire a Wunti da daddare ku tsaya kusa da shi. Idan ya shafa wa naman mai, ɗigo ya faɗa kan garwashi, sai ku ga wuta ta yi tsalle fuu, ta kai tsayin kansa, ta koma. Man nan da ke cikin kwano bai kama ba, wanda ya fantsama ya zama tururi shi ya kama. Sirrin ke nan gaba ɗaya. Wuta ba ta ci sai inda makamashi ya haɗu da iska. Gungumen ice yakan kwana yana ci, domin bayansa kaɗai ke taɓa iska, amma a watsa ƙaiƙayi cikin wuta, nan take ya ƙare. Ƙwararrun wasan wuta suna cilla makamashin sama ne ya watse ya zama ƙananan ɗigo bila adadin, kowane ɗigo iska ta kewaye shi, sai su kama kusan a tare. Yadda ake haɗa hakan kuwa aikin masu lasisi ne, ba zan shiga ciki ba.

Launin fa? Uwargida ta fi kowa sanin amsar. Idan murhun gas yana samun iska sosai, harshensa shuɗi ne, tukunya tas. Idan iska ta yi ƙaranci sai ya koma ruwan ɗorawa, gindin tukunya ya yi baƙi. A tsakiyar dunƙulen wuta iska ba ta isa, sai ƙananan ƙwayoyin kunkunniya su cika shi, zafi ya sa su yi jajur suna haske kamar garwashi. Wanda bai ƙone ba shi ne baƙin hayaƙin da ke biyo baya. Wato kyawun da muke yabawa, wuta ce da ba ta ci da kyau ba. Kore da shuɗi da ja zur na tartsatsin wasan wuta kuwa daban ne, daga sinadaran ƙarafa suke: bariyam kore, tagulla shuɗi, sitrontiyam ja.

Siffar naman kaza da dunƙulen wutar yake yi, iska mai zafi ce ta fi ta kewayenta rashin nauyi, sai ta yi sama da gudu. Tsakiya na gaba, gefe na gogar iska mai sanyi yana naɗewa ciki, ƙasa kuma ana zuƙo hayaƙi ya zama kamar kara. Idan kuna nesa za ku ga wutar kafin ku ji ƙarar, kamar walƙiya da tsawa. Ƙara na tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa, don haka daƙiƙa uku tsakani, kilomita ɗaya ke nan. Zafin dai ba ya jira, da haske yake isowa, shi ya sa 'yan kallo ke jin ya mari fuskarsu alhali wutar na can nesa. Wannan ne dalilin da ake killace fili, a duba inda iska ta dosa, a ajiye 'yan kwana-kwana a gefe, a kunna da wayar lantarki daga nesa.

Yanzu ga inda zancen ya shafe mu. Garin da muke ci ma yana yin haka. A 1878 ƙurar fulawa ta tarwatsa wata katafariyar masana'antar niƙa a Miniyafolis ta Amurka, mutum 18 suka mutu. A 2015 a Taiwan, wajen wani shagali, an riƙa fesa wa matasa garin masara mai launi, ya kama wuta a iska, mutum 15 suka rasu, ɗaruruwa suka ƙone. Malam mai injin niƙa, ƙurar nan da ke tashi a ɗaki rufe, ga wayar lantarki a tsiraice tana tartsatsi, abin dubawa ne.

Fetur kuwa ya fi muni, domin tururinsa ya fi iska nauyi. Ba ya tashi sama, ƙasa yake bi, ya kwanta cikin kwata ya yi ta rarrafe ba a ganinsa, har ya tarar da tartsatsi. A watan Oktoban 2024 tankar mai ta kife a Majiya ta jihar Jigawa, jama'a suka taru kwasar mai, ta kama, sama da mutum 150 suka riga mu gidan gaskiya. Allah Ya jiƙansu da rahama. Idan kun tarar da tanka ta kife a hanyar Gombe ko ta Jos, kuka ji warin fetur a hancinku, to kun riga kun shiga cikin tururin. Ku ja da baya ta ɓangaren da iska ke fitowa, kada kowa ya tayar da mashin a wurin.