Fenti, Gam da Tawada a Shafi Ɗaya

Assalamu alaikum. Jama'a, sannunku da zuwa, na gode ƙwarai.

Yau maganarmu a kan littafin nan ne da mutum ke ajiyewa don kansa, ya yi zane a ciki, ya yi rubutu, ya manna guntun jarida ko ƙyalle ko tsohon tikiti, duk a shafi ɗaya. Haɗa kaya iri-iri haka ya daɗe. A 1912 masu zane Georges Braque da Pablo Picasso, suna Faransa, suka fara manna takarda da leda mai zane a jikin aikinsu. Daga baya Kurt Schwitters na Jamus ya riƙa tsintar tikiti da takardun da aka yar a titi yana gina hotuna da su. Frida Kahlo ta Meziko kuwa, daga 1944 har rasuwarta a 1954, ta riƙe littafin da rubutu da fenti suka cakuɗe a cikinsa.

Abin da nake so ku tafi da shi shi ne wannan: shafi irin wannan hawa-hawa ake gina shi, kuma wanda ya san abin da ke zuwa ƙasa da abin da ke zuwa sama ya gama rabin aiki.

Mu fara da takarda. Ta ofis nauyinta giram 80 ne a murabba'in mita, da ta sha ruwa sai ta kumbura ta lanƙwashe. Ta fentin ruwa tana kai giram 300, tana jurewa. In siririya ce a hannunku, ku manne shafi biyu su zama ɗaya, sannan ku shafa jeso. Jeso farin shafi ne mai alli a ciki, yana hana takarda shanye fenti, yana kuma ba ta ɗan kaushi da launi zai kama.

To, ga inda nake so ku saurara da kyau. Ruwa ba ya zama a kan mai. In kuka fara da kala mai maiƙo ko ta kaki, kuka zo da akirilik, wato fentin roba da ake sirkawa da ruwa, daga baya, ba zai kama sosai ba, wata rana ya ɓare. Don haka kayan ruwa su ne a ƙasa, masu maiƙo a sama. Amma ana iya cin moriyar wannan rashin jituwa da gangan: ku rubuta kalma da farin kyandir, ku bi ta kai da fentin ruwa, sai kalmar ta fito fes. Su kansu kayan ruwan halinsu ba ɗaya ba ne. Akirilik in ya bushe ya bushe ke nan, ruwa ba ya tayar da shi. Fentin ruwa kuwa da kun taɓa shi da jiƙaƙƙen buroshi ko gam sai ya farka ya bazu. Haka tawadar da ba ta jure ruwa. Ku gwada alƙalaminku a gefe tukuna.

Manne-manne kuma, ku shafa gam a bayan takardar har gefe-gefe, ku danne daga tsakiya zuwa waje da tsohon kati don iska ta fita. Ni na fi son a yaga da hannu a kan a yanka da almakashi, domin yagaggen baki yana narkewa cikin shafin. Ku sani jarida tana yin ja-ja da daɗewa. Wasu ma saboda haka suke sonta.

Wata 'yar'uwa ta tambaye ni kafin mu shigo, ta ce ta yi hawan farko mai kyau, tana jin tsoron rufe shi. 'Yar'uwa, rufe wani sashe. Abin da ke leƙowa daga ƙarƙashin fenti shi ke ba shafi zurfi, kuma in komai ya fito fili ido ba ya samun wurin tsayawa. Ki zaɓi abu ɗaya, fuska ko tsuntsu ko kalma, ki ba shi wuri, ki dushe sauran da siririn jeso. Launi biyu ko uku da fari da baƙi sun isa. Ja da kore in suka haɗu suna ɗanye, ruwan ƙasa za su ba ki.

Rubutu shi ne na ƙarshe, bayan komai ya bushe ƙarau, don ɗanyen akirilik yana toshe bakin alƙalami. Ku rubuta abin da ke ranku a ranar, ku sa kwanan wata. In sirri ne, ku rubuta shi tun a hawan farko, fenti ya rufe.

Kafin ku rufe littafin, ku sa takarda mai santsin kaki a tsakanin shafukan, domin akirilik yana manne wa ɗan'uwansa ko da ya bushe, musamman lokacin zafi.

Bari in tsaya a nan. Mai tambaya ya ɗaga hannu.