Amsoshin Tambayoyinku: Zane da wuƙar fenti

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Wasiƙar farko ta fito ne daga wani matashi a Zariya, ya haɗo mana da hoton zanensa na farko da ya yi da wuƙar fenti maimakon buroshi. Bishiyar kuka ce a bakin gona, rana na shirin faɗuwa. Ya ce launukan sun dagule masa, sararin sama ya koma kamar ruwan kududdufi, yana so a nuna masa inda ya kuskure.

To ƙanena, sannu da ƙoƙari. Na daɗe ina kallon hoton nan, kuma gindin kukar ya burge ni ƙwarai. A wurin ka ɗebo fenti da kauri, ka ɗora sau ɗaya, ka ɗauke hannu. Shi ya sa ɓawon bishiyar ya fito da tudu da kwari, har mutum ya ji kamar ya kai yatsa ya shafa.

Da ka hau sama kuwa, sai ka manta abin da hannunka ya yi a ƙasa. Ga sawun wuƙar nan ina gani, ka kai ka komo, ka kai ka komo, kamar magini yana goge yaɓe da cokali. Ruwan lemon faɗuwar rana da shuɗin sama kishiyoyin juna ne. Idan suka zauna kusa da juna sai kowanne ya ƙara wa ɗan'uwansa haske, amma da zarar an cuɗa su suna ɗanye sai su haifi ruwan ƙasa mai duhu. Kududdufin da kake kuka da shi ke nan.

Ka gama haɗa launinka a kan faranti tukuna. Ka ɗebo shi da bayan wuƙar, ka kwantar da ita, ka ja sau ɗaya ka bar shi. Kuma don Allah tsumma ya zauna a hannunka na hagu, duk shafa ɗaya ka goge wuƙar tas kafin ka sake ɗiba. Idan wuri bai yi maka ba, kada ka yi ta lallaɓa shi, kankare shi da gefen wuƙar ka sake sabo.

Abu na biyu, kaurin fentinka ɗaya ne ko'ina, shi ya sa sama da gona da kuka suka tsaya a sahu guda, babu nesa babu kusa. Abin da ke nesa ka shafa masa fenti siriri, ka adana kaurin don abin da ke gaban ido.

Ka nemi ayyukan Gustave Courbet na Faransa, wanda ya rasu a 1877, ka ga yadda ya fitar da duwatsu da igiyar teku da wuƙa. Ni dai wanda na fi so ka ƙura wa ido shi ne Ablade Glover na Ghana, haifaffen Akara a 1934. Idan ka matsa kusa da zanen kasuwarsa ɗigo-ɗigon fenti kawai za ka gani, kowanne an ɗora an bar shi. Ka ja da baya taku biyar, sai ga taron 'yan kasuwa da rumfuna sun bayyana.

Sai wata baiwar Allah daga Maraɗi, tana cewa zanenta na fentin mai ya yi mako biyu bai bushe ba, ko ta shanya shi a rana?

A'a malama, kada ki kai shi rana. Fentin mai ba kamar wanki yake bushewa ba, iska ce ke sandarar da man a hankali, daga sama zuwa ciki. Samansa zai yi fata alhali cikinsa na nan da laushi, kuma zafi na iya sa fatar ta yamutse ko ta tsage. Mai kauri irin na wuƙa yakan ɗauki watanni, kuma ba a shafa masa man sheƙi sai ya kai aƙalla wata 6. Ki jingine shi a ɗaki mai iska, fuskarsa na kallon bango ba tare da ta taɓa shi ba, saboda ƙurar hunturu. Idan kuma atisaye kike yi, ki gwada akrilik, wato fentin da ake sirkawa da ruwa, shi ko da kauri a yini ɗaya ko biyu ya kama jikinsa.